Karatun na Tarai a wayar Malam

Har yau duk lokacin da na ɗauki wayar nan sai abin ya dawo min. Shi ya sa nake son in rubuta abin da ya faru tun ina iya tuna shi a jere, don ko yanzu akwai wuraren da ban tabbatar ba. Inda ban sani ba zan ce ban sani ba.

Mahaifina malami ne a Rurum Tsohon Gari. Mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa, kamar kowa. Ban da makarantar allo, yana da ɗalibai magidanta masu karatun littattafai a zaure, kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya. Malam zai karanto layi da Larabci ya fassara shi da Hausa, mai littafin yana bi da yatsa. Da damina wannan zaman ba ya yiwuwa kullum, don dukansu manoma ne, kuma daga nesa suke zuwa. Da yayana ya aiko masa da babbar waya daga Kano, sai Malam ya ɓullo da wata dabara. Duk hantsin da ya samu sarari sai ya shiga ɗakinsa ya naɗi karatu a wayar, na wannan yau, na wancan gobe, yana tara musu gaba. Ranar Alhamis, da yake babu makarantar allo, sai su zo. Kowa ya biya na makon jiya a gabansa. In ya gamsu, a kunna masa na gaba a ji tare, sannan a tura masa a wayarsa ya tafi da shi gona. Ɗaya tak. Ko goma ne a ajiye, Malam ba ya ba mutum biyu a rana ɗaya, su ma ba sa tambaya.

Ni ce mai kunnawa da turawa. Na gama sakandare a Rano ina zaune a gida, kuma a gidan ni kaɗai na san inda ake dannawa. A bakin ƙofar zaure ta cikin gida nake tsayawa, a miƙo min wayoyi in haɗa su ta bulutut in mayar.

A wayar akwai manhajar da ke kunna murya, irin wadda mutane ke jin waƙa da ita. A cikinta Malam ya sa na buɗe masa jeri uku. Bai yarda in rubuta sunan kowa ba, ya ce ba tsarana ba ne da zan riƙa rubuta sunayensu, sai muka sa garuruwansu: na Lausu, na Kibiya, na Tarai. Duk karatun da ya naɗa, shi da kansa yake jefa shi a jerin mai shi, a bayan wanda ya gabace shi. Wanda ba a kunna ba tukuna yana da ɗan ɗigo shuɗi a gefensa. Aikina bai wuce in buɗe jeri in danna na farkon masu ɗigo ba.

Na Lausu da na Kibiya matasan magidanta ne. Na Tarai dattijo ne, ya girmi Malam nesa ba kusa ba. Sai da furfura ta cika masa gemu ya fara karatun littattafai, kuma shekara tara ke nan yana kan littafin fiƙihu guda ɗaya mai kauri, yana zuwa a kan wani tsohon babur da ake jin tarinsa tun daga bakin gari. Na taɓa jin sa daga bayan ƙofa yana cewa shi ba ya roƙon Allah ya kai shi wani littafin. Wannan ɗin dai, ya sauke shi daga bakin Malam kafin a kira shi. Wani hantsi a ƙarshen damina Malam ya fito daga ɗaki yana murmushi, ya ce wa Inna, mahaifiyata, “Yau na gama wa na Tarai nasa. Har addu'ar saukewa na yi masa.” Da kunnena na ji.

Ana gab da yankan gero Malam ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ya yi mako biyu a asibiti aka dawo da shi. Yana ji, yana gane mutane, yana gyaɗa kai, amma in ya buɗe baki sauti ɗaya ne ke fita, ba ya zama kalma. Daga ranar, duk abin da ya rage na muryarsa yana cikin wayar nan.

Ɗaliban ba su daina zuwa ba. Ranar Alhamis sai yayyena su ɗauko shi su jingina shi da matashi a zaure, a biya a gabansa, ya gyaɗa kai, in kunna na gaba. Haka muka yi sau biyu lafiya. A na uku, na Tarai ya biya nasa, na danna, na ajiye wayar a tsakiyar tabarma na koma bayan ƙofa. Malam yana tsaka da fassara a cikin wayar sai muryarsa ta yanke, kiɗa ya ɓarke. Na leƙa. Wasu mata ne uku suke rawa a fuskar wayar, tallan wani abu da har yau ban san ko mene ne ba. Na Kibiya ya hau a'uziyya. Na Lausu ya kife wayar, amma kiɗan bai tsaya ba. Ban san lokacin da na faɗa zauren ba, mayafi a hannu, na fizge ta ina danna ko'ina. Da na ɗago, Malam ni yake kallo. Da safiyar ranar na ari wayar na yi hira da ƙawayena, na bar data a buɗe, amma a lokacin ban haɗa wannan da wancan ba. Na ɗauka manhajar ce ta lalace. Kafin in kashe wayar, da na tura wa na Tarai nasa, na ga jerinsa, ɗigo bakwai suka rage masa.

Ran Litinin 'yar gwaggona ta zo dubiya daga Rano. Taubashiyata ce, sa'ata, tana koyon aikin jinya, kuma a wurinta duk abin da ke Rurum tsohon yayi ne. Da ta gaida kawunta muka zauna a inuwar rumbu na ba ta labari. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Wayyo Allah, da ina nan! Na Kibiya ya kalla kuwa, ko rufe ido ya yi?”

“Ke baiwar nan, ba abin dariya ba ne. Malam fa yana wurin.”

“Tuba nake, uwar ɗakina 'yar ƙauye. Kawo in gani.” Ta karɓa ta duba ta taɓe baki. “Wannan tsohuwar abar kuke fama da ita? Ai ita talla ce sana'arta. Akwai wata a wayata, ba ruwanta da talla. Bari in tura miki, ki huta da jin kunya.”

Ta tura. Da muka zo ɗora ta sai wayar ta ce babu wuri. Muka goge hotuna, muka goge wani wasa da ban san wanda ya sa shi ba, duk da haka babu wuri.

“Sai an goge tsohuwar,” in ji ta.

“Karatun Malam fa?”

“Karatu yana memori. Komai yana memori, ke ma kin sani.”

Na sani. Kowa a garinmu ya sani. In wayar mutum ta faɗa ruwa, memori yake fara cirowa, in ya same shi sai ya yi hamdala ya ce bai yi asarar komai ba. Duk da haka na ce sai mun fitar da shi tukuna, kada gogewar ta shafe shi. Muka kashe wayar, ta zare ɗan kunnenta ta tsokano shi, ɗan abu bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na naɗe shi a takarda na ƙulle a bakin mayafina, ƙulli biyu. Har ina jin kaina mai hankali. Muka kunna wayar. Ta yi tambaya da Turanci, ko mun tabbata muna son gogewa. Ina riƙe da ƙullin a hannun hagu, na danna da na dama. Ni na danna. Daga baya 'yar gwaggona ta ce ita ce, don ta rage min, amma ni ce.

Sabuwar ta hau. Muka mayar da memori. Ta ɗan yi juyi tana nema, sai abubuwa suka fara zubowa, suna ta zubowa.

“Ga su nan duka,” in ji ta. “Yanzu sai ki ba ni tukuici.”

“Ina na Tarai?”

“Na ina?”

“Jeri uku ne. Na Lausu, na Kibiya, na Tarai.”

“To ki duba sama mana.”

Na duba sama, na duba ƙasa, na duba gefe. Babu jeri ko ɗaya. Babu ɗigo. Lambobi ne kawai dogaye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sun fi ɗari biyu, a cakuɗe da wa'azin da Inna take saurare da saƙonnin muryar da mutane suka turo na jaje. Na danna ɗaya. Muryar Malam, yana godiya ga Allah yana salati. Na danna wani. Muryar Malam, godiya da salati, da kalmomi iri ɗaya. Haka yake buɗe kowane karatu, daga nan ya faɗa layin kai tsaye. Ba ya faɗin sunan littafi, ba ya faɗin shafi, ba ya faɗin na wane ne. Me zai sa ya faɗa? Mai littafi ya san littafinsa, shi kuma ya san jerin da zai jefa shi. Ni Larabcina bai wuce na sallah da na allo ba. Duk shekarun nan ina tura karatun, ban taɓa zama na saurari ko ɗaya har ƙarshe ba.

Muka goge sabuwar, muka nemo tsohuwar muka mayar. Ta buɗe fayau, babu komai a ciki, kamar ba ta taɓa sanin mu ba.

'Yar gwaggona ta kira wani mai gyaran waya da ta sani a Rano, ta buɗe sifika. Ya saurare mu, ana ta hayaniya a bayansa, ya ce, “Muryoyin suna memori, ba su je ko'ina ba. Amma jerin da sunayen ba a memori suke ba. A cikin abin da kuka goge suke.”

Na ce, “Ya za a yi suna ya zauna wani wuri, mai sunan yana wani wuri?”

“Haka abin yake, Hajiya. Da kun fitar da jerin tukuna kun ajiye shi a gefe, sai sabuwar ta ɗauka.”

“A fitar da shi a kai shi ina?”

“Akwai wurin da ake dannawa. Yanzu dai ya wuce.” Ya yi magana da wani, ya dawo. “Tsaya ma. Da me yake naɗar karatun? Da rikodar wayar, ko a cikin ita manhajar?”

Na tsaya ina tunani. Da rikodar wayar yake naɗa, tun farko. Amma wata rana a daminar nan ya yi min ƙorafin hanyar ta yi tsawo, a naɗa a can a zo a jefa a nan, sai na nuna masa wani jan maɓalli a cikin manhajar, in ya danna shi karatun yana faɗawa jeri da kansa. Ni na nuna masa. Yaushe? Na yi ta ƙoƙarin tunawa. Gero ya yi bununi ko bai yi ba? Kafin ya ce ya gama wa na Tarai ne da kwana biyu, ko da wata guda? Kuma ya ci gaba da amfani da shi, ko ya koma wa wanda ya saba?

“Wanda aka naɗa a cikinta, wani lokaci a cikinta yake zama,” in ji mai gyaran. “In an goge ta kuwa…” Bai ƙarasa ba. Sai ya ce, “Tallan nan fa, da kun kashe data ai shi ke nan.”

'Yar gwaggona ba ta sake tsokanata ba ranar. Ta bi motar la'asar, ta ce in kira ta. Ban san me zan ce mata in na kira ba.

Talata na wuni ina ƙirga lambobi, ban san da me zan gwada su ba, don ban taɓa ƙirga na da ba. Bakwai ɗin nan kaɗai na riƙe, shi ma da na matsa wa kaina sai na fara shakka ko shida ne. Na zuba gishiri sau biyu a miya. Inna ta tambaye ni ko zazzaɓi nake, na ce e.

Laraba da hantsi na shiga ɗakin Malam. Inna tana ba shi kunu da cokali. Na durƙusa a bakin tabarma na faɗi komai, tun daga datar da na bari a buɗe har jan maɓallin. Inna ta ajiye kofin ta ce, “Innalillahi. Ke wa ya aike ki?” Malam ya daɗe yana kallona. Ya buɗe baki, sautin nan ya fita, ya sake fita. Sai ya ɗaga hannun hagu ya kaɗa shi sau biyu. Ban gane ba. Zo ne, ko tafi ne, ko ba komai ne?

“Cewa yake ki tashi, ya yafe,” in ji Inna. Ta sake kallonsa. “Ko ruwa kake so, Malam?”

Ya rufe ido. Na yi ta durƙuso har ƙafata ta yi sanyi, bai buɗe ba.

Na tambaye shi daga baya, sau da yawa, ko da jan maɓallin ya naɗi na ƙarshen. Wata rana ya gyaɗa kai, wata rana ya girgiza. Ina jin shi kansa bai riƙe wanne ne wanne ba, ko kuma ni ce ban iya tambayar ba.

Alhamis na ji tarin babur tun daga bakin gari. Aka fito da Malam. Na Tarai ya biya na makon jiya, Malam ya gyaɗa kai, ana jirana. Daga bayan ƙofa na faɗa musu. Na Lausu ya yi tsaki a hankali. Na Kibiya ya ce su nasu ba gaggawa, suna tsakiyar littafi ne, a fara duba na dattijo.

Na Tarai ya gyara zama.

“'Yar Malam.”

“Na'am, Baba.”

“Muryar tana nan?”

“An ce tana nan, Baba. Wasu dai. Ban san nawa ba.”

“To shigo ki zauna daga nan gefe.”

Na gyara mayafi na shiga na raɓe a jikin bango. Ya buɗe littafinsa ya ɗora yatsa a kan kalmar farko ta karatun da ya kamata ya karɓa a ranar. Ya ce, “Kunna su ɗaya bayan ɗaya. In na ji kalmar nan zan gane ta.”

Na ce bari mu faro daga lamba mafi girma mu riƙa komawa baya, tunda su ne na kusa. Na danna. Malam ya fara godiya. Na sa yatsa zan ja shi gaba.

“Me kike yi?”

“Farkon zan tsallake, Baba. Duk iri ɗaya ne.”

“Salatin za ki tsallake?”

Na janye yatsana. Haka muka yi. Kowanne sai an ji buɗewar duka, su uku suna amsa salatin kamar yau suka fara ji, sannan layin farko ya fito. Kuma bai yarda in katse Malam yana tsakiyar magana ba, sai ya kai inda zai ja numfashi. Shi kuma Malam yana jingine da matashi, yana sauraron kansa yana buɗe karatu, ya sake buɗewa, ya sake buɗewa. Ban iya kallon ɓangarensa ba.

Na farko, na Lausu ya ce nasa ne. Na biyu, na Kibiya. A na uku, da layin farko ya fito, na Tarai ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Nawa ne. Amma ban iso nan ba.”

Ya toshe kunnensa ɗaya da tafin hannu ya kau da kai har na kashe. Na Lausu ya ce, “Baba, ai da ka bari an ji, ko don a san inda ya kai.”

“Ba a ba ni shi ba tukuna.”

Na ɗauko tsohon littafina na lissafi na makaranta, na rubuta lambar a shafin baya, na rubuta Tarai a gefenta. Muka ci gaba. Wani lokaci wa'azin Inna ne zai fito, wani lokaci wata gwaggo tana kuka tana yi wa Malam sannu, in yi sauri in kashe. Sau huɗu na Tarai yana toshe kunne. Ana gab da kiran azahar na danna wata lamba, aka yi godiya, aka yi salati, Malam ya karanto layi, sai na ga yatsan dattijon ya motsa ya fara bi.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Bar shi.”

Aka ji shi har ƙarshe. Na tura masa. Ina miƙa masa wayarsa na duba shafina, huɗu da wannan, biyar. Na ce, “Baba, biyar ne. Da bakwai ne.”

“In mun isa can ma gani.”

Washegari, bayan na gama wanke-wanke, na shiga bayan rumbu da wayar na kunna mafi girman lambar nan tasa. Ina gaya wa kaina wataƙila ni na yi kuskuren ƙirga ɗigo, wataƙila biyar ne dama. In shi ne na ƙarshe, zan ji addu'ar saukewa. Na saurara tun daga farko, ban gane rabin abin da ake cewa ba, magana ce a kan rabon gado da wa ke hana wa. Can sai Malam ya ja numfashi ya ce, “Nan muka tsaya,” kamar yadda yake cewa kullum. Aka ji motsin takarda. Ya ƙare.

Alhamis ta gaba na gaya wa na Tarai. Ya dube ni ta ƙasan gira.

“Kin saurari karatuna kafin ni?”

“Don in duba ne, Baba.”

“Na ce miki in mun isa ma gani.”

Mako biyar muka yi a haka, shi yana karɓar ɗaya-ɗaya, ni na san inda hanyar ta yanke. Kowace Alhamis bayan an gama sai na Lausu da na Kibiya su ƙara zama mu bi sauran lambobin, har muka bi su duka, na cika shafi shida. Duk na Tarai da muka ƙara samu tsoho ne, wanda ya riga ya karɓa. Na ba 'yar gwaggona wayar ta kai wa mai gyaran nan a Rano. Ta wuni a can, ni ban iya cin abinci ba. Da yamma ta dawo da ita ta miƙo min, ta ce, “Uwar ɗakina,” sai ta kasa ƙarasawa. Mai gyaran bai samo komai ba. Wani lokaci ina shara sai in ji kamar na tuna wata folda da ban buɗe ba, in yar da tsintsiya in ruga, in tarar na buɗe ta jiya da shekaranjiya.

Alhamis ta shida an fara yankan dawa. Na Tarai ya zo da ƙaiƙayi a hularsa. Ya biya na biyar ɗin, Malam ya gyaɗa kai. Ina bakin ƙofa da waya a hannu, babu abin da zan danna. Babu wanda ya kalle ni, wannan ma ya fi min zafi.

Dattijon ya ja jiki har gwiwarsa ta taɓa tabarmar Malam, ya juya littafin yadda su biyu za su gani, ya ɗaga takardun ƙarshe ya ƙirga su.

“Malam, warƙa huɗu ce ta rage. In karanta?”

Sautin nan ya fita. Ban san e ne ko a'a ba. Shi dai ya ɗauka e ne. Ya yi godiya ya yi salati da kalmomin Malam, ya fara karanto Larabcin a hankali, yana tuntuɓe, yana fassara wa kansa da Hausa. Bai yi nisa ba Malam ya bugi tabarma da hannun hagu. Dattijon ya koma ya sake wasalin. Malam ya sake bugu. Ya gwada na uku, shiru, ya wuce. Haka suka yi ta tafiya. Akwai wani wuri da ya fassara, Malam ya buga. Ya sake wata fassarar, Malam ya buga. Na Kibiya ya kawo tasa, Malam ya sake bugu. Bakin Malam yana ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa, kalmar tana nan a bakinsa ta ƙi fita. Aka daɗe. Daga ƙarshe hannun ya kwanta a kan tabarma, ban sani ba ko an dace ne ko gajiya ya yi. Da suka cinye warƙa biyu Malam ya miƙa hannu ya kife shi a kan shafin. Na Tarai ya ce, “Nan muka tsaya,” ya rufe.

Mako na gaba ya biya, sannan ya karanta biyun ƙarshe, tun hantsi har bayan azahar. Da ya kai layin ƙarshe ya ɗago kai. Na Kibiya ya gyara murya zai yi addu'a, dattijon ya ce ya dakata. Malam ya ɗaga hannunsa na hagu shi kaɗai, leɓensa yana motsi, ba a jin komai. Suka ɗaga nasu. Ni ma na ɗaga a bayan ƙofa, wayar tana cinyata. Da hannun ya sauka suka ce amin.

Aka mayar da Malam ciki. Matasan suka tafi. Na Tarai ya tsaya a bakin zaure yana neman takalminsa da ƙafa, littafin a hannu, gafakarsa a rataye. Na fito, abin da ban taɓa yi ba, na durƙusa.

“Baba, an sauke ke nan?”

“Na karanta a gabansa, 'yar Malam. Ya ji.”

“Amma an sauke?”

Ya sa takalmi ɗaya, ya sa ɗayan. “In kin samu sarari ki riƙa dubawa,” ya ce. “Ki gaida Innarki.”

Ya buɗe gafakar zai zura littafin. Akwai wani tsinken zana da ya soke a cikin littafin don alama, kansa ya leƙo ta sama. Na kalle shi da kyau kafin ya rufe. Ba a ƙarshen littafin yake ba, yana nan inda muryar Malam ta tsaya. Warƙa huɗu ce a bayansa.